Kowace Kalma Na Santa, Amma In Ta Haɗa Su Sai In Ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri, na samu aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, shugabar sashenmu kuma 'yar Ingila ce. Kowace kalma da take faɗa na santa, amma in ta haɗa su sai in rasa inda ta dosa. Makon jiya, bayan mun tattauna kan wani rahoto, ta rubuto mini cewa "the ball is in your court". Wata rana kuma ta ga na tsorata da wata magana tata, sai ta yi dariya ta ce "I was only pulling your leg". Akwai littafin da zan haddace ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, ba Turancinka ne ya gaza ba. Na shafe sama da shekara ashirin ina koyar da wannan harshe, kuma kusan duk ɗalibin da ya yi nisa sai ya ci karo da wannan katanga, yawanci bayan ya riga ya ƙware a nahawu. Abin da Turawa ke kira "idiom" shi ne ya tare ka: kalmomi biyu ko fiye da suka dunƙule suka ba da ma'anar da ba za ka same ta ba ko ka bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙamus. Ni ina kiransa adon magana.

Kai ma kana da shi cike da baki. In ka ce za ka cin kasuwa, ba wanda ke tsammanin za ka tauna rumfa. Ka sha iska, ka sha kashi, ka ci amana, ka ja wa ƙanenka kunne ba tare da ka taɓa shi ba. Ka ce wance tana da farin jini, wane yana da dogon hannu. Baturen da ya koyi Hausa a aji ya san fari, ya san jini, amma in ya ji an ce yarinya tana da farin jini sai ya ɗauka ciwo ne. Halin da kake ciki ke nan a ofishinku. Ba ranar da aka zaunar da kai aka sa ka haddace farin jini. Ka ji shi a bakin mutane sau da yawa, a inda ya dace, har ya zauna maka. Na Turanci ma ta wannan hanyar yake shiga.

Bari mu fara da biyun da ka kawo. Kalmar "court" a nan ba kotu ba ce, filin wasan tanis ne. In ƙwallo ta tsallaka raga ta faɗo ɓangarenka, kai ake jira ka mayar. Shugabarka tana cewa ta yi nata, saura kai, ba za ta ƙara motsi ba sai ta ji daga gare ka. Ya yi kusa da dabara ta rage wa mai shiga rijiya, sai dai namu yana ɗauke da gargaɗi, nata kuwa miƙa maka ragama ne kawai. Shi kuma "pull someone's leg" zolaya ce, tsokana ta wasa. A nan akwai tarko ga Bahaushe musamman, domin in ya fassara sai ya samu jan ƙafa, wanda a wurinmu jinkiri ne da nawa. Jan ƙafarmu a Turanci shi ne "drag your feet". Ka ga yadda ƙafa ɗaya ta rabu gida biyu. Haka dogon hannunmu na ɓarawo, su "light-fingered" suke cewa, masu sauƙin yatsa. In ka ji sun ambaci dogon hannu, "the long arm of the law", hukuma suke nufi, wadda ke cim ma mai laifi duk inda ya gudu.

Abin da ya fi taimaka wa ɗalibaina shi ne sanin daga inda maganganun suka fito, domin kowace al'umma da abin da ke gabanta take yin adon magana. Mu namu cike yake da kura, rijiya, tuwo, jaki da goro. Ingila tsibiri ce da ta daɗe tana cin abinci a kan teku, shi ya sa jirgin ruwa ya cika bakinsu. Sabon ma'aikaci yana "learning the ropes", wato yana koyon makamar aiki, saboda jirgin da iska ke turawa yana da igiyoyi barkatai, kuma aikin farko na sabon matuƙi shi ne ya san wace igiya ce ke jan me. In aiki ya taso aka ce "all hands on deck", kowa ya fito ke nan, a yi gayya. In an tambaye ka "are you on board?", ana son a ji ko ka amince kana tare da su.

Wasanni su ne rijiya ta biyu. Daga damben Turawa aka samo "throw in the towel": in mai horarwa ya ga yaronsa na shan jibga, sai ya jefa tawul cikin fage, alamar sun saduda. Duk wanda ya haƙura da wani abu ya miƙa wuya, ya jefa tawul ke nan. "Below the belt" naushi ne a ƙasan ɗamara, wanda doka ta hana, don haka ana faɗinsa ga maganar da ta wuce gona da iri, kamar a yi wa mutum gori da iyayensa ana tsakiyar gardamar aiki. Amurkawa kuma wasan besbol ne ya cika musu baki, kuma ta ofisoshi maganganunsa suka bazu duniya. "Let's touch base next week" na nufin mu ɗan tuntuɓi juna mako mai zuwa. "A ballpark figure" ƙiyasi ne, ba a neman ainihin lissafi, a faɗi abin da ya yi kusa. Wanda ka gayyata ya ce "I'll take a rain check" yana cewa ba yau ba, sai wani jiƙon. Asalinsa tikitin da ake ba 'yan kallo ne in ruwan sama ya ɓata wasa, su dawo da shi wata rana.

Akwai ɗaya da nake matuƙar son koyarwa, duk da cewa ya fara tsufa: "carry coals to Newcastle". Garin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila, wanda matasanmu suka sani ta ƙwallon ƙafa, ya yi ɗaruruwan shekaru yana fitar da kwal zuwa Landan da sauran wurare. Kai musu kwal aikin banza ne. Da zarar na faɗi haka a aji, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ƙara wa Barno dawaki ke nan." Mutanen da teku da hamada suka raba, kowa ya dubi garin da ya fi yalwar wani abu ya gina magana iri ɗaya. Irin waɗannan tagwaye suna da yawa. "Once bitten, twice shy" shi ne wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. "Between the devil and the deep blue sea" gaba kura baya sayaki. "Bite off more than you can chew" ɗaukar Dala ba gammo. "You can't have your cake and eat it" taura biyu ba ta taunuwa. "The pot calling the kettle black" gwano ba ya jin warin jikinsa. In ka samo wa magana tagwayenta na Hausa, ba ta ƙara kuɓuce maka.

Wasu kuma daga littattafai suka fito. Fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda aka buga a 1611, ta yi ƙarnoni ana karanta ta a coci da gida, har jimlolinta suka zama maganar kowa. "The writing is on the wall" daga labarin wani sarkin Babila ne da ya ga hannu yana rubutu a bango ana tsakiyar liyafa, rubutun da ke shelar ƙarshen mulkinsa. Yau ana faɗinsa in alamun faɗuwa sun bayyana ƙarara. "By the skin of my teeth" daga labarin Ayuba ne, ma'anarsa da ƙyar da jiɓin goshi. "Scapegoat", wanda ake ɗora wa laifin wasu, William Tyndale, wani mai fassara Baibul, shi ne ya ƙirƙiri kalmar a fassararsa ta 1530. Shakespeare ya bar musu "a wild-goose chase", neman abin da ba za a samu ba, da "it's Greek to me", wato ban gane komai ba. Tatsuniyoyin Aesop na tsohuwar Girka sun ba da "sour grapes", kushe abin da ka nema ka rasa, da "the lion's share", abin da jaridunmu ke kira kaso mafi tsoka. "White elephant" kuwa, wanda ba ka buɗe jaridar Najeriya ba ka gan shi ba, daga Siyam ya zo, ƙasar da ake kira Tailan yanzu. Farar giwa a can dabba ce mai alfarma, ba a sa ta aiki, ga cin abinci, don haka mai ita kullum cikin asara yake. Katafaren aikin gwamnati da ya lashe kuɗi ba ya amfanar kowa shi ne farar giwa.

Sai dai ka yi hattara da labaran asali da ke yawo a intanet. Za ka ga an rubuta cewa "raining cats and dogs", wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya samo asali ne daga kyanwoyi da karnuka da ke faɗowa daga rufin ciyawa in ana ruwa. Wannan ba shi da hujja. Abin da yake tabbas shi ne maganar tsohuwa ce, marubuci Jonathan Swift ya rubuta ta tun 1738. Asali tsani ne na tunawa kawai, ba shi ne ma'ana ba.

Yanzu ga wurin da na fi so ka tsaya, domin a nan ake yin ɓarna mafi muni. Sanin ma'ana rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wurin da magana ta dace da wanda ake faɗa wa. Shekarun baya na ba ɗalibai aikin rubuta wasiƙar ta'aziyya. Wani yaro mai ƙoƙari, wanda ya haddace jerin adon magana daga wani ɗan littafi, ya rubuta wa abokinsa cewa ya yi baƙin cikin jin mahaifinsa "kicked the bucket". Littafin bai yi masa ƙarya ba, ma'anarsa mutuwa ce. Amma na kira shi na tambaye shi: za ka shiga zauren makoki ka ce wa ɗan mamaci ka ji babansa ya sheƙa barzahu? Ya ce subhanallahi, a'a. Na ce to abin da ka rubuta ke nan. Mu muna da ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi masa cikawa, sannan can gefe muna da ya sheƙa, ya ce ga garinku nan. Duk mutuwa ce, amma ba a musanya su. Turanci ma haka: "passed away" ko "we lost him" na ladabi ne, "kicked the bucket" na raha ne tsakanin abokai, kan wanda mutuwarsa ba ta taɓa masu sauraro ba. Yaron bai yi laifi ba. Littafin da ya ba shi ma'ana ya hana shi muhalli shi ne ya cuce shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan haddar jeri.

Haka kuma magana tana tsufa. Ruwan kyanwoyi da karnukan nan kowane ɗalibinmu ya san shi, amma ba kasafai za ka ji shi a bakin matashin Landan ba. "It's pouring" zai ce. Wata kuma a zahirinta kamar mugun baki ce alhali fatan alheri ce: in za ka gabatar da jawabi wani ya ce maka "break a leg", ba karaya yake maka fata ba, al'adar 'yan wasan kwaikwayo ce da ke camfa faɗin fatan nasara ƙarara kafin a hau dandamali.

Abu na gaba, adon magana ba ya son a taɓa masa siffa. Ba ka cewa gaba zaki baya sayaki, ko da yake zaki ya fi kura ban tsoro. A Najeriya mun sauya wasu har sun zauna mana. Muna cewa "cut your coat according to your size", su kuwa "according to your cloth" suke cewa, kuma nasu ya fi ma'ana in ka lura, domin yadin da kake da shi ne ke iyakance ɗinki, daidai ruwa daidai tsaki. Muna cewa "more grease to your elbow", a Ingila "more power to your elbow" ne. Muna cewa "birds of the same feather", su "birds of a feather". Muna cizon yatsan da ya ciyar da mu, su hannu suke cizo: "bite the hand that feeds you".

Ba na kallon wannan a matsayin abin kunya. Harshen da ya yi fiye da ƙarni guda a ƙasa dole ya ɗauki ƙamshinta. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da Kannywood, da "rub minds" na haɗa kai a yi shawara, da "put to bed" na haihuwa, da "eat money", wanda duk Bahaushe zai gane cin kuɗi ne. Sai dai shiga ƙamus bai sa shugabarka ta san su ba. In ka ce mata matarka "put to bed" jiya, abin da kunnenta ya saba da shi shi ne kwantar da yaro ya yi barci. In ka ce "go-slow" ne ya makarar da kai, a ƙasarsu wannan wani nau'in bore ne na ma'aikata, su zo aiki amma su riƙa yinsa da sanyin jiki da gangan. Cunkoson motoci "traffic jam" ne. Ka riƙe duka biyun, ka san wanda za ka ciro wa wa.

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba. A Ingila, in an ce "table a motion" an gabatar da batu ke nan don a tattauna, kuma haka majalisunmu ke amfani da shi. A Amurka kuwa jingine batun ake nufi. Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi ta gardama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kan wata takarda, 'yan Ingila na cewa a yi mata "table", Amurkawa na ƙi, kafin su gano cewa dukansu so suke a duba ta nan take.

A ofis, waɗanda za ka riƙa ji kullum ba su da yawa. Wanda ya ce yana "under the weather" ba ya jin daɗin jikinsa ne, ba ciwo mai tsanani ba. "Are we on the same page?" tambaya ce ko fahimtarmu ɗaya. "Let's call it a day" a tashi haka, sai gobe. "Cut corners" yin aiki da ha'inci don a rage kuɗi ko lokaci. "A piece of cake" abu mai sauƙi kamar shan ruwa. "Beat about the bush" kewaye-kewaye. "The last straw" tura ta kai bango, daga hoton raƙumin da aka yi ta labta wa kaya har tsinke ɗaya ya karya masa baya. Sun fi ƙarfin a kira su ado ma, ƙananan fi'ilan nan masu wutsiya irin su "call off", a soke, "put off", a ɗage, "put up with", a jure, "turn down", a ƙi karɓa. Su ne suka fi yawa a bakin Bature nesa ba kusa ba, kuma in da zan zaɓar maka inda za ka zuba ƙarfinka, nan zan nuna.

Tunda 'yar Ingila ce, ka kula da wani abu kuma: suna da kara irin tasu. "Not bad" a bakinta yabo ne, kamar ba laifi a bakin dattijo. "I'll bear it in mind" sau da yawa daidai yake da sai na duba irin namu. In ta fara jimla da "with all due respect", to saɓani ne ke tafe.

Game da littafi, abin da nake ba da shawara shi ne ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary ko na Longman ko na Cambridge, kuma duk ana samunsu a waya. Amfaninsu shi ne suna sa wa magana alama: wannan ta hira ce, wannan ta tsufa, wannan ta Amurka ce, wannan zagi ce. Ka riƙa karanta alamar kafin ma'anar. Sashen koyar da Turanci na BBC yana da ɗan gajeren shiri mai suna The English We Speak, wanda ke ɗaukar magana ɗaya ya nuna ta cikin hira. Mintuna kaɗan ne, ka riƙa saurare a hanyar zuwa aiki. Sannan ka sayi ɗan littafin rubutu. Duk maganar da ta ɗaure maka kai, ka rubuta jimlar gaba ɗaya yadda aka faɗe ta, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da halin da ake ciki, sannan ka nemo mata 'yar'uwarta ta Hausa. Biyu ko uku a mako sun isa. Ƙannenka masu shirin WAEC ko NECO ko JAMB ma wannan hanyar za ta fi yi musu amfani, domin tambayoyin suna zuwa ne cikin jimla, a ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa, kuma zaɓin da ya bi kalmomin a zahirinsu yawanci shi ne tarkon.

Wajen amfani kuwa, ka gane da yawa, ka faɗi kaɗan. Kada ka saka magana a bakinka sai ka ji ta sau uku ko huɗu daga mutane daban-daban. A rahoto da wasiƙar aiki, miƙaƙƙen Turanci ya fi. Wanda ke jera karin magana a kowace jimla, ko a Hausa gajiyar da mutane yake yi. In kuma ta faɗi abin da ba ka gane ba, ka tambaye ta nan take: "Sorry, what do you mean by that?" Ba za ta raina ka ba, galibinsu ba su ma san suna yi ba sai an nuna musu.

Saƙon nan nata na makon jiya kuwa har yanzu amsarka yake jira. Ka buɗe shi yau, ka duba abin da kuka tsayar kan rahoton, ka rubuta mata abin da ka yanke da ranar da za ka miƙa: "Thank you. I'll send you the final draft by Thursday." Allah ya yi wa aikin albarka, ɗana.